Kafin a Ɗaura da Bayan an Ɗaura: Tambayoyi da Amsoshi kan Auren Kirista

Na daɗe ina zama a kwamitin aure na ikilisiyarmu, kuma tun ina amarya nake cikin Zumuntar Mata. Yanzu jikoki ne suke zagaye da ni. Samari da 'yan mata kan tare ni bayan an tashi sujada, wasu su biyo ni har gida da yamma, su zauna a kan tabarma suna ta kewaye-kewaye kafin su faɗi abin da ya kawo su. Tambayoyin nan nasu ne, na rubuta su yadda sukan fito daga bakinsu. Inda ɗarikoki suka bambanta na faɗa, domin abin da ake yi a ECWA ba lallai ya zo ɗaya da na Katolika, ko EYN, ko COCIN ba.

Mama, ta yaya zan san wannan ne mijin da Allah ya zaɓa mini?

'Yata, ki yi addu'a, amma ki buɗe idonki. A Farawa sura 24 bawan Ibrahim ya yi addu'a a bakin rijiya, sa'an nan ya tsaya yana kallon Rifkatu tana jan ruwa wa raƙumansa, raƙuma 10 da suka sha doguwar tafiya. A wurin jan ruwan nan ya ga halinta. Bayan haka danginta suka kira ta suka tambaye ta ko za ta tafi da mutumin, ta ce za ta tafi. An nemi yardarta da bakinta.

Saboda haka in wani ya zo ya ce miki Allah ya nuna masa ke a mafarki, ki ce masa ke ma za ki nemi fuskar Allah, kada ki bari mafarkinsa ya ɗaure ki. Ki duba yadda yake magana da mahaifiyarsa, da yadda yake yi da mai keke in sun saɓa kan canji. Ki ga ko yana biyan bashi. Ki aika wani babba ya yi tambaya a unguwarsu da wurin aikinsa. Ranar Lahadi kowa mutumin kirki ne, halin mutum daga Litinin zuwa Asabar ake ganinsa. Kai ma ɗana, haka za ka yi. Muryarta a cikin mawaƙa ba za ta gaya maka yadda take in ranta ya ɓaci ba.

Me ya wajaba mu faɗa wa juna kafin a sa rana?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya fara yi. Mun saba karanta Farawa 2:24 a wurin ɗaurin aure, mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya. Ayar da ke biye mata ba a cika karanta ta ba. Ta ce dukansu biyu tsirara suke, ba su ji kunya ba. Ba maganar tufafi kaɗai ba ce. Mutum biyu ne da babu abin da ɗaya ya ɓoye wa ɗaya. Da zunubi ya shigo, abin da suka fara yi shi ne ɗinka ganye da ɓuya a cikin itatuwa. A gidajen da na ga sun rushe, da wuya ka rasa wani abu da aka binne tun lokacin tashi.

In kana da ɗa a ƙauye, ka faɗa. In an taɓa biya miki sadaki a wani wuri ba a mayar ba, ki faɗa. Bashin da ke kanka, ciwon da kike shan magani a kansa, ƙanne nawa kake biya wa kuɗin makaranta, ko mahaifiyarka za ta zauna tare da ku, duk a baje su a faifai. Ban ce ku zauna kuna ƙirga wa juna kowane zunubin ƙuruciya dalla-dalla ba, abin da aka tuba a kansa kuma ba zai biyo ku cikin gida ba yana hannun Ubangiji. Ma'aunin shi ne, duk abin da zai taɓa rayuwar ɗan'uwanka bayan aure, haƙƙinsa ne ya sani tun yana da ikon cewa a'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu kan ce, "Mama, in na faɗa zai gudu." Mai yiwuwa ne. Na ga wanda ya gudu, na kuma ga wanda ya tsaya ya ƙara riƙe yarinyar da daraja. Wanda ya ji daga bakin maƙwabta bayan shekara 5, ko ya zauna, yarda ta riga ta fita daga gidan, kuma dawo da ita aiki ne ja.

Me ya sa kwamiti ya nace sai mun yi gwajin jini? Ashe ba rashin bangaskiya ba ne?

Ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne, Bulus ya kira shi haka a Kolosiyawa 4:14.

Babban abin da ake dubawa shi ne jinotaif, saboda ciwon sikila da ake kira amosanin jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, kuma kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayarsa, wato AS, yana yawo lafiya lau bai sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da haɗarin 1 cikin 4 na zama SS, wato mai ciwon. A lura, kowane ciki ne. Mutane kan ɗauka in an haifi huɗu to ɗaya ne kawai zai fito da ciwon. Ba haka lissafin yake ba. Ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana kuma iya haifar uku a jere da ciwon. Akwai kuma AC, wanda in ya haɗu da AS ana iya samun SC, shi ma wani nau'in ciwon ne. Mai AA kuwa, wato wanda ba ya ɗauke da ƙwayar, ko wa ya aura, ba zai haifi SS ba.

Na taɓa kwana a asibiti da wata ɗiyata ta cikin ikilisiya. Yaronta ɗan shekara 6 yana murƙususu a kan gado, yana riƙe da ƙafarsa yana cewa, "Mama, ki cire mini ita." Uban yana waje yana kiran 'yan'uwa a waya ana neman wanda zai ba da jini. Wajen asuba ta jingina da bango ta ce mini, "Mama, mun sani fa. An gaya mana, muka je wani wuri aka canja mana takarda." Ban tsawata mata ba, abin da take ciki ya ishe ta. Amma tun daga ranar nake roƙon masu tashi su yi gwajin da wuri, tun kafin zuciya ta yi nisa, tun kafin iyaye su shiga maganar, kuma a maimaita shi a asibiti na biyu. Ikilisiyoyi da yawa ba sa ɗaura auren AS da AS, wasu kuma sukan ba da shawara su bar muku zaɓi. Yaran da aka riga aka haifa da sikila kyautar Allah ne, da kulawa suna girma su yi karatu su yi aure, kada wani ya sa su ji kamar kuskure ne su.

Sauran gwaje-gwajen su ne ƙanjamau da ciwon hanta. Samun ɗayansu ba ƙarshen magana ba ne. Mai shan maganin ƙanjamau yadda ya kamata yana iya zama da abokin aure marar cutar, su haifi 'ya'ya lafiya, ciwon hanta nau'in B kuma yana da allurar rigakafi. Abin da ba ya halatta shi ne ɓoyewa. A duba rukunin jini ma, domin in na mace nagetif ne na miji fozitif, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya.

Tunda an riga an biya sadaki, laifi ne mu kwana tare?

Ku jira. 1 Tasalonikawa 4:3-5 da Ibraniyawa 13:4 ba su bar ƙofa ba. Na ga aure ya fashe saura mako 2, sadaki a hannun iyaye, kati ya riga ya zaga gari. Ku daina keɓewa a ɗaki ku biyu da dare, kuma kada ku ja lokacin alkawari ya kai shekara da shekaru ana jiran kuɗin biki.

In kuma abin ya riga ya faru har akwai ciki, ku je wurin fasto ku faɗa da bakinku. Za a sa ku ƙarƙashin horo, da zafi, amma yana wucewa a karɓe ku. Kada kunyar idon mutane ta kai ku ga zubar da ciki. Dattawa kuma ina roƙonku, horo ya hau kan su biyu. Ba daidai ba ne yarinya ta zauna a bencin baya ita kaɗai saboda nata ne ya fito fili, saurayin yana gaba yana kaɗa ganga.

Iyayena sun ƙi shi don ba ƙabilarmu ba ne. In yi yaya?

A benci ɗaya a cocinmu za ka ga Bajju da Tangale da Bura da Ngas, duk da Hausa muke raira waƙa, da Hausa muke karanta Littafi Mai Tsarki tun da aka kammala fassara shi a 1932. Abin baƙin ciki ne mu ci jibin Ubangiji tare, amma in maganar aure ta taso sai a tuna wane ba namu ba ne. Rut mutuniyar Mowab ce, Bo'aza ya aure ta, ta zama kakar Yesse, mahaifin Dawuda. Da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni kan matar Musa Bakushiya, Allah bai goyi bayansu ba.

Duk da haka kada ki yi wa iyayenki tsaye. Ki tambaye su a natse mene ne ainihin dalilinsu, domin wani lokaci sun ji wani abu game da gidan ne suka rufe shi da sunan ƙabila. Ki nemi kawu ko gwaggon da suke jin maganarsa, da fasto, su je su zauna da su. Yawancin iyaye kan sauko in an bi su da ladabi aka ba su lokaci.

Dole ne sai mun yi babban biki?

Ba dole ba ne. Na san amaryar da aka yanka wa saniya, aka kama babban zaure, aka yi anko kala uku, wata 8 bayan haka masu bashi suka zo suka ɗauke kujerun ɗakinta. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga wanda ya ba shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Iyayen 'yan mata kuma ku ji tsoron Allah wurin rubuta jerin kaya. Duk abin da kuka tatsa daga yaron nan, daga tukunyar 'yarku kuka kwashe shi.

An yi na gargajiya, za a yi na coci. Mene ne kuma amfanin zuwa rajista?

Domin doka ta san da ku. A ƙarƙashin dokar aure ta Nijeriya, ana kai sanarwa ofishin rajistar aure, a liƙa ta kwana 21 ko wani yana da ƙorafi. In babu, a ba ku takardar izini, kuma dole a ɗaura auren cikin wata 3 daga ranar sanarwar, in ya wuce sai an sake sabuwa. Ana iya ɗaurawa a can ofishin, ko a cocin da gwamnati ta ba lasisi, ƙofa a buɗe, gaban shaidu aƙalla 2. Ba kowace majami'a ke da lasisin ba, saboda haka ku tambayi fasto kai tsaye. Irin wannan aure na mace ɗaya ne da namiji ɗaya, wanda ya ƙara aure a kansa ya yi laifi a gaban doka.

Na ga amfanin takardar nan a gidajen makoki. Miji ya rasu, kafin a share makoki dangi sun fara zancen gida da gona, gwauruwa tana zaune da marayu ba ta da abin nunawa. Ɗana, in kana ƙaunarta ka ba ta wannan kariya, ka kuma sa sunanta a takardun wurin aikinka da na banki.

Littafi ya ce mace ta yi biyayya. Ashe ba ni da ta cewa ke nan a gidana?

Maza da yawa sun haddace Afisawa 5:22, ba su taɓa leƙa aya ta 21 da ta 25 ba. Ta 21 ta ce ku yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Ta 25 ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Shugaban da aka ba miji ya yi koyi da shi, shi ne wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Bitrus ma ya gargaɗi maza su girmama matansu don kada addu'arsu ta toshe, 1 Bitrus 3:7.

Ke kuma 'yata, girmama miji ba ƙasƙanci ba ne. Kada ki kunyata shi gaban yara ko gaban ƙawayenki, kada ki riƙa auna shi da mijin wance. Ki faɗi ra'ayinki sarai, a ɗaki, a lokacin da ya dace. Matar Karin Magana 31 tana duba gona ta saya, tana ciniki, tana buɗe baki da hikima, mijinta kuma ya amince da ita. Akila da Bilkisu tare suke ɗinkin tanti, tare suka zaunar da Afolos suka ƙara masa haske a kan hanyar Allah. Biyayya kuma tana da iyaka. In ya ce ki yi abin da ya saɓa wa Allah, ba ki bin sa a nan.

Tsakanin mahaifiyata da matata na rasa inda zan sa kaina.

Ɗana, kai ne gadar, kai za ka tsaya. In mahaifiyarka ta yi wa matarka ba daidai ba, kai za ka je ka durƙusa ka ce, "Mama, ki yi haƙuri, in ta yi laifi ni za ki gaya wa." Kada ka tura matarka ta kare kanta, kada kuma ka riƙa kwasar maganar wannan kana kai wa waccan. Barin uba da uwa da Farawa ta faɗa ba yasar da su ba ne, 1 Timoti 5:8 ta yi kashedi mai zafi ga wanda ba ya kula da danginsa. Ma'anarsa ita ce shawarar gidanka yanzu da matarka ake yanke ta. Abin da za a aika wa iyayenka da nata, ku zauna ku tsayar tare, kuma ya fi daɗi in ita ce ta miƙa wa mahaifiyarka da hannunta.

Mu surukai mata kuma mu tuna mun taɓa zama amare. Na'omi 'yata take kiran Rut.

Sai na gaya masa nawa nake samu? Kuɗina ai nawa ne.

Bari in ba ki labarin gidana. Muna da shekara 3 da aure, maigidana yana koyarwa, albashi ya yi wata biyu bai fito ba. Aka fitar da anko na bikin wata ƙawata, na karɓi atamfa bashi ban gaya masa ba, da nufin in biya in na kwashi adashi. Adashin ya watse. Wata ranar Asabar yana zaune a ƙofar gida yana gyaran kekensa, mai atamfar ta zo ta yi sallama da ƙarfi, ta faɗi abin da ya kawo ta gaban maƙwabta. Bai ce komai ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kuɗin da ya ajiye na taki ya ba ta. Da dare ina jiran faɗa, sai ya ce, "Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Na ɗauka babu abin da ban sani ba a ɗakin nan." Sa'an nan ya buɗe akwatinsa ya nuna mini takardar albashinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi ma yana da laifi tunda bai taɓa gaya mini abin da ke shigowa ba. A shekarar gonarmu ba ta yi kyau ba saboda rashin takin. Amma tun daga daren nan, duk ƙarshen wata mukan zauna da littafi da biro.

Ba lallai ku haɗa asusu ɗaya ba, kowa na iya riƙe ɗan abin kashewarsa. Amma kowa ya san abin da ke shigowa, da bashin da ke kan gidan, da inda aka ajiye takardun fili. Ku ware zakka, abinci, haya da kuɗin makaranta tukuna. In matar ce ta fi samu, kada miji ya mai da abin gaba, ita kuma kada ta mai da shi sanda.

Muna yawan faɗa. Alama ce mun yi kuskuren aure?

A'a. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin dubawa shi ne yadda kuke faɗan. Ku tsaya kan abin da ya faru yau, ban da tono na bara, ban da zagin iyaye, ban da "tattara kayanki." Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Wannan ba ya nufin dole a warware komai kafin a kwanta, wani zancen sai an huce. Amma a iya cewa, "Raina a ɓace yake, gobe za mu yi magana," a kuma ci tuwo tare. Gaba ta mako guda, da ƙin cin abinci, da aika yaro ya ce wa babansa kaza alhali yana zaune a wurin, su ne suke tsage bango har ƙadangare ya sami wurin shiga. Wanda ya yi laifi ya buɗe baki ya ce "na yi kuskure, ki gafarta mini." Sayo tsire a shigo da shi shiru ba ya maye gurbin wannan kalma.

In abin ya fi ƙarfinku, ku zaɓi ma'aurata dattawa masu riƙe sirri ku je tare. Kada ki kai ƙarar mijinki wurin mahaifiyarki kan kowane ƙaramin abu, ke za ki yafe ki manta, ita ba za ta manta ba.

Ina jin kunyar wannan, Mama, amma maganar shimfiɗa ce.

Kada ki ji kunya, Allah ne ya yi ta, Waƙar Waƙoƙi kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. 1 Korintiyawa 7:3-5 ta ɗora haƙƙin a kan miji da mata daidai wa daida, ta ce kada a hana juna sai da yardar juna, na ɗan lokaci, domin addu'a. Ba a horon miji da juya masa baya, ba a kuma tilasta wa mace. Matar da ta wuni a kasuwa, ta ɗebo ruwa, ta yi girki, ta yi wa yara wanka, mutum ce mai gajiya. Mijin da ya kama mata aiki ya yi mata magana mai daɗi da rana zai ga bambanci. Ku gaya wa juna abin da kuke so da abin da ke damunku. In akwai zafi ko rauni, a je asibiti, a bar magungunan bakin tasha.

Game da tazarar haihuwa, Katolika hanyar ƙirgen kwanaki ta yarda da ita, ɗarikoki da dama kuma sun bar wa ma'aurata su shawarta da likita. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Kowace hanya kuka bi, kada ɗaya ya yi a ɓoye.

Shekara 4 babu haihuwa, danginsa sun fara maganar ya ƙara aure.

Na san zafin nan, na zauna da mata da yawa suna kukansa. Abu na farko, aurenku cikakke ne ko da ɗa ko babu. Ishaku yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, sai da ya kai 60 aka haifi tagwayen, kuma Farawa 25:21 ta ce shi ne ya yi roƙo ga Ubangiji saboda matarsa. Gidan Elkana kuwa ya nuna mana abin da kishiya ke jawowa, Feninna ta riƙa tsokanar Hannatu har ta kasa cin abinci.

Na biyu, ku je asibiti ku biyu. In an shekara 1 ana tare babu ciki, lokacin ganin likita ya yi, in matar ta haura 35 kada a wuce wata 6. A kusan rabin ma'auratan da ke cikin wannan hali akwai matsala ta wajen namiji, gwajinsa kuma ya fi na mace sauƙi da araha. Zalunci ne a riƙa jan mace daga wannan dutsen addu'a zuwa wancan, ana ɗura mata jiƙe-jiƙe, mijin bai taɓa yarda an duba shi ba. Na san gidan da likita ya gaya wa miji gaskiya, ya ɓoye takardar, ya bar matarsa tana shan gori wurin danginsa shekara da shekaru. Ɗana, in kai ne, ka tashi ka rufe bakin danginka. Riƙon maraya ma hanya ce mai albarka, a bi ta hukuma yadda doka ta tsara.

Masu tsangwamar mace don tana haifar 'ya'ya mata kuma su sani, ƙwayar da ke sa a haifi namiji ko mace daga wurin uba take fitowa.

Yana duka na. An ce in yi haƙuri in ci gaba da addu'a.

A wani taron Zumuntar Mata na ga wata ta ja ɗankwalinta har ya rufe ido ɗaya. Na zauna kusa da ita, muna raira waƙa hannunta yana rawa. Da na tambaye ta sai ta ce ƙofa ce ta buge ta. Sau uku ƙofar nan tana bugunta kafin ta gaya mini gaskiya, a lokacin ta riga ta yi ɓari.

'Yata, haƙurin da Littafi ya koyar ba shi ne ki zauna a kashe ki ba. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ko da tsananta wa matarsa. Malakai 2, inda ake yawan ɗauko maganar ƙin saki, maza take tsawata wa saboda cin amanar matan ƙuruciyarsu. In ranki ko na yaranki yana cikin haɗari, ki fita zuwa inda za ki tsira, yau ba gobe ba. Ki je asibiti a rubuta raunin. Ki gaya wa iyayenki da dattawan ikilisiya. Dukan mutum laifi ne a dokar ƙasa, akwai dokar hana cin zarafi ta 2015 wadda jihohi da yawa suka amince da ita, kai ƙara kuma ba zunubi ba ne. Kada ki koma don ya zo biko da kuka da dattawa biyu. A ga tuba ta gaske tukuna, ya amsa laifinsa ba tare da ɗora miki ba, ya karɓi horo, in giya ce ko ƙwaya ya nemi taimako, a kuma ɗauki lokaci ana lura. Akwai mazan da su ma ake duka ko ake ci musu mutunci suna shiru don kunya, maganar nan tasu ce su ma.

Na kama shi da wata. Dole ne in yafe? Kirista na iya saki?

Yesu ya ce abin da Allah ya gama kada mutum ya raba, ya kuma ambaci fasikanci a Matiyu 19:9. Katolika ba ta yarda da saki a auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida ba, ko da yake tana barin a zauna dabam in akwai dalili. Sauran ɗarikoki sun bambanta kan wannan aya da 1 Korintiyawa 7:15, wadda ta yi magana kan abokin aure marar bi da ya zaɓi rabuwa, saboda haka ki zauna da fastonki kafin ki yanke komai, kuma kada ki yanke cikin makon farko.

Gafara umarni ce, domin ɗaci yana cin mai riƙe da shi. Amma yarda aba ce da ake sake ginawa da kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya rushe ta shi ne zai ɗauki tubali. Ya yanke hulɗar gaba ɗaya, ku je gwaji ku biyu, ya bar wayarsa a buɗe, ya jure tambayoyinki ba tare da cewa "ba na ce ki yi haƙuri ba?" Na ga gidajen da suka tashi bayan wannan, na ga waɗanda ba su tashi ba. Sau da yawa kuma abin daga hira a WhatsApp yake farawa, irin hirar da mutum kan kife waya in abokin aurensa ya shigo.

Ba faɗa muke yi ba, amma ƙaunar ta yi sanyi. Kamar 'yan haya muke zaune.

Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato, musamman in yara sun taso, ko aiki ya kai miji Abuja matar tana Jos ko Gombe. Ku duba 1 Korintiyawa 13:4-7, za ku ga duk abin da aka faɗa game da ƙauna abin aikatawa ne, haƙuri, kirki, ƙin riƙe laifi. Ana iya fara aikata su tun zuciya ba ta motsa ba, ita kuma takan biyo baya. Yaushe rabon da ka ce mata abincin ya yi daɗi? Yaushe rabon da ki tambaye shi abin da ke damunsa a wurin aiki, ki saurara har ya gama? In nesa kuke, ku tsayar da lokacin waya kowace rana, kuma ku yi shirin yadda rabuwar za ta ƙare.

Ku yi addu'a tare, ku biyu, ban da wadda ake yi da yara. Ba sai ta yi tsawo ba. Mu namu lokacin ƙarfe 5 na asuba ne, kafin a hura wuta. Yanzu idon maigidana ya yi rauni, ni nake karanta mana sura, shi kuma ya yi addu'a, yana kiran sunayen yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. In ya zo kaina yakan ambaci ciwon gwiwata, da duk abin da na gaya masa jiya da dare yana damuna. Sa'an nan in tashi in ɗora ruwan kunu.